Inda Kwamfuta Take Jira: Nazari Kan Zaɓen RAM da Ma'aji a Kwamfutar Tebur

Takardar da ake mannawa a jikin kwamfutar tebur a shago, a Farm Centre ta Kano ne ko a Banex ta Abuja ko a Computer Village ta Ikeja, ba ta cika wuce layi ɗaya ba: Core i5, 8GB, 1TB. Na farko sunan furosesa ne, na biyu yawan RAM, na uku girman ma'aji. Da wannan layi ake taya kaya, da shi ake sallamawa. In aka jera wa mai saye guda biyu a kan farashi ɗaya, wannan mai 1TB, waccan mai 512GB, galibi hannunsa kan kai ga ta farkon, tunda a lissafin kasuwa mai yawa ya fi. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne 1TB ɗin faifai ne mai juyawa, 512GB ɗin kuma SSD ne. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa ɗaya ta tashi cikin 'yan sakanni, ɗayar kuma ta kwashe minti ɗaya ko biyu tana nishi kafin ta karɓi umarni.

Hujjar wannan nazari guda ce. Kwamfutar zamani ba ƙarfin lissafi ta rasa ba. Mafi yawan lokacin da mai ita yake jin ta yi nauyi, jira take yi: furosesa ya gama abin da ke hannunsa, yana sauraron a kawo masa bayanai. Saboda haka kuɗin mai saye ya kamata su tafi inda jiran yake. Wasu lambobin da ake ƙawata kwali da su, musamman na gudun RAM da na gudun SSD, ba sa rage wannan jira da wani abin da za a ji a aikin yau da kullum.

Tazarar da ke tsakanin RAM da ma'aji

RAM ɗin da ke cikin kowace kwamfutar tebur a yau jikan wanda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro ne a 1966, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. Kowane ɗigon bayani, sifili ko ɗaya, yana zaune ne a matsayin ɗan caji cikin kafasita guda, tiransista guda na tsaron ƙofarta. Cajin yana tsiyayewa, don haka dole a riƙa sabunta shi ba fasawa, duk bayan milisakan 64 a RAM nau'in DDR4, duk bayan 32 a DDR5. Shi ya sa RAM yake da sauri kuma yake da mantuwa: da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ke cikinsa ya tafi. Ma'aji kuwa aikinsa ya riƙe ko da wuta ko babu. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai faifan maganaɗisu mai juyawa, wanda IBM ta fara fitarwa a 1956 da faifai hamsin da ba su ɗaukar abin da ya wuce haruffa miliyan biyar. Akwai kuma SSD, wanda aka gina kan ƙwayoyin filasha da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980.

Furosesa kan sami abin da ya nema daga RAM cikin kimanin nanosakan 100 ko ƙasa da haka. SSD kan amsa cikin kimanin maikurosakan 50 zuwa 100, wato jiran ya ninka kusan sau dubu. Faifai mai juyawa kan ɗauki milisakan 10 ko fiye, jiran ya ninka sau dubu ɗari ke nan. In aka miƙe waɗannan lokuta yadda mutum zai iya jin su, aka ɗauka amsar RAM sakan ɗaya ce, to ta SSD za ta kai kusan kwatan awa, ta faifai kuwa za ta wuce kwana guda cur.

To me ke faruwa in RAM ya cika? Tun 1962, a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester da ke Ingila, aka samo dabarar da har yau ake amfani da ita. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta takan kwashe wasu shafukan bayanai da ba a taɓa su kwanan nan ba ta kai su ma'aji, ta dawo da su in an sake nemansu. A Windows, fayil ɗin da ake jibge su a ciki shi ne pagefile.sys. Dabarar tana hana na'ura tsayawa cik, amma a bakin wancan jira mai tsawo. A 1968 Peter Denning, yana ɗalibin digirin digirgir a MIT ta Amurka, ya nuna cewa kowace manhaja tana da wani tarin shafuka da take taɓawa a kai a kai a kowane ɗan lokaci. Muddin wannan tari ya shige cikin RAM, aiki na tafiya sumul. Da zarar ya fi ƙarfinsa ko da kaɗan ne, na'ura takan koma kai da kawo tsakanin RAM da ma'aji, ta fi ɓata lokaci a jigila a kan ainihin aikin. Kamar teburin tela ne: in bai ɗauki yadin da ake yankawa ba, sai an naɗe wannan gefe kafin a shimfiɗa wancan, yini ya ƙare a naɗi da warwara. In kuwa ya ɗauke yadin duka, ƙara masa faɗi ba zai sa almakashi ya ƙara sauri ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne amfanin RAM ba ya ƙaruwa daidai da yawansa. Ƙasa da buƙata, kowane GB guda yana da tasiri babba. Sama da buƙata, Windows takan yi amfani da rarar wajen ajiye fayilolin da aka buɗe kwanan nan, wanda ɗan amfani ne, amma ba wanda ya cancanci ninka kuɗi ba.

Nawa ne ya isa, kuma a sanda nawa

Microsoft ta ce GB 4 sun isa a girka Windows 11. Za ta girku kam, amma ita kanta da manhajar tsaronta sukan cinye fiye da rabin wannan tun ba a buɗe komai ba. Ita Microsoft ɗin ce kuma a 2024 ta gindaya GB 16 a matsayin mafi ƙaranci ga kwamfutocin da ta kira Copilot+, Apple ma a Oktoban shekarar ta mayar da GB 16 mafi ƙaranci a Mac ɗin da take sayarwa a lokacin. Ba don tausayin mai saye suka yi haka ba, manhajoji ne suka yi ƙiba. Burauza irin Chrome ko Edge kan ware wa kusan kowane gidan yanar gizo nasa ɗakin a cikin RAM saboda tsaro, shi ya sa shafuka ashirin da Word da WhatsApp da taron Zoom sukan kai GB 8 maƙura.

Ba kowa ne ke buƙatar abu ɗaya ba. Kwamfutar cibiyar jarrabawar JAMB, ko ta shagon buga takardu da ba ta wuce Word da firinta, GB 8 sun ishe ta, kuma mai sayen guda hamsin a lokaci ɗaya yana da hujjar tsayawa nan. Malami da ɗan jarida da akanta mai manyan fayilolin Excel, GB 16 ne wurin zamansu. Mai tace bidiyo kuwa, kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar GB 16 ga mai aiki da hoton HD a Premiere Pro, GB 32 ko fiye ga mai 4K, kuma editocin Kannywood da masu ɗaukar bikin aure da kyamarorin zamani a rukuni na biyun suke. Mai GB 64 da ba ya yin ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka, kuɗinsa ne kawai ke kwance a cikin akwati.

Wanda ke da tsohuwar kwamfuta ba ya buƙatar kintace. A lokacin da aiki ya fi cunkushewa, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shafin Performance, ƙarƙashin Memory, akwai layin da aka rubuta Committed da lambobi biyu. Ta farkon ita ce jimillar abin da manhajoji suka nema aka yi musu alkawari. In tana yawan zarce RAM ɗin da ke cikin na'urar, misali ta nuna 11 a kwamfuta mai GB 8, to ga buƙatarsa nan a rubuce. A wannan shafin ne kuma ake ganin yawan guraben RAM da yawan waɗanda aka cike, kuma wannan ne ya kawo mu ga abin da takardar shago ba ta taɓa ambata ba.

Furosesan kwamfutar tebur na gama-gari hanyoyi biyu gare shi zuwa RAM, kowace faɗinta bit 64, wato bait 8. Sandar DDR4-3200 tana aika saƙo sau miliyan 3,200 a sakan, a ninka da 8, ya ba da GB 25.6 a sakan. Sanda ɗaya mai GB 16 hanya ɗaya take bi, ɗayar na zaune banza. Sanda biyu masu GB 8 kowace suna bin duka biyun, su ba da GB 51.2. A takarda duka "16GB" ne. A aikin ofis bambancin bai taka kara ya karya ba, amma in kwamfutar ba ta da katin hoto na daban, sashen hoton da ke cikin furosesa da wannan RAM ɗin yake aiki, kuma a nan ana jin ƙarancin hanya sosai, a wasa ne ko a tace bidiyo. Kamfanoni da yawa sukan turo na'ura da sanda ɗaya saboda ta fi musu sauƙi. Sai dai akwai ciniki a nan. In guraben biyu ne kacal, cike su da 8 da 8 na nufin ranar ƙari sai an cire duka an sayi wasu. A ganina, wanda ya tabbata zai ƙara cikin shekara guda ya ɗauki sanda ɗaya mai 16 ya bar gurbi. Wanda ya san halinsa, ya san in an rufe akwatin an rufe ke nan, ya ɗauki biyu tun farko. A madabod (babban allon kwamfuta) mai gurabe huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikewa, ba biyun da ke manne da juna ba.

Batun gudu shi ne inda aka fi yaudarar ido. A jikin kowace sanda akwai lambobi biyu: ta gudun aika saƙo, da ta CL, wato yawan bugun agogon da ake jira kafin amsa ta fara fitowa. In aka ninka CL da 2,000 aka raba da gudun, za a sami jiran a nanosakan. DDR4-3200 mai CL16 ya ba da 10. DDR5-6000 mai CL30 ma 10 ya ba da. DDR5-4800 mai CL40, wanda shi aka fara zubawa a kwamfutocin kamfani, ya ba da kusan 17. Ashe lambar da ta fi girma tana iya zama mai jinkirin amsawa, duk da tana kwaso kaya da yawa in ta fara. Bayan haka, sandunan da ake tallata su da gudu mai yawa ba sa kai wannan gudu sai an shiga BIOS an kunna XMP na Intel ko EXPO na AMD, kuma yawancin kwamfutocin ofis da kamfanoni ke haɗawa ba su da wannan zaɓi sam. Wanda ya saka musu irin wannan sanda ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba. Fitilun da ke walƙiya a bayan wasu sandunan kuwa, ba su da wani aiki sai ado.

Tsakanin DDR4 da DDR5, madabod ne ke yanke hukunci. Duka biyun haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. DDR5 ya iso kwamfutar tebur a ƙarshen 2021 tare da furosesan Intel zubi na 12, kuma daga zubi na 12 zuwa na 14 akwai madabod na kowane iri. AMD kuwa tun fitowar Ryzen 7000 a Satumban 2022, gurbinta na AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, haka ma Core Ultra na tebur da Intel ta fitar a 2024. Ga aikin ofis, DDR4 bai gaza da komai ba. Matsalarsa ta gobe ce, domin manyan masana'antu sun fara janye hannu daga ƙera shi a 2025. Mai DDR5 kuma ya sani cewa cike gurabe huɗu na rage gudu: a ƙa'idar AMD ta Ryzen 7000, sanda biyu na tafiya a 5200, huɗu kuwa a 3600. Biyu manya sun fi huɗu ƙanana.

Faifai, SSD, da lambar da ba ta da aiki

Faifan tebur na yau da kullum yana juyawa sau 7,200 a minti, sau 120 a sakan ke nan. Kafin a karanta ɗan guntun bayani, sai hannun karatu ya matsa zuwa layin da yake, wanda kan ci milisakan 8 ko 9, sannan a jira faifan ya juyo da wurin, matsakaicin wannan kuma milisakan 4 ne da 'yan kai. Jimilla, buƙatu kusan 80 yake iya biya a sakan in a warwatse suke. Tashin Windows da buɗe manhaja kuwa ba komai ba ne illa karanta dubban ƙananan fayiloli a warwatse. Wannan ne sirrin abin da masu gyara suka saba gani, inda Task Manager ke nuna faifai ya kai kashi 100 alhali furosesa na hutawa.

SSD ba shi da abin da ke motsi. A ɗauki kayan kamfani ɗaya don a kwatanta daidai. Samsung 870 EVO, mai bin tsohuwar hanyar SATA, kamfanin ya ce yana karanta MB 560 a sakan a jere. Samsung 990 Pro, mai bin hanyar NVMe, MB 7,450. Ninki goma sha uku ke nan, kuma wannan lamba ce ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. Amma in aka koma ga ƙananan buƙatu warwatsattsu da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, irin aikin da kwamfuta ke yi yini guda, na farkon yana biyan kimanin 13,000 a sakan, na biyun 22,000, bai kai ninki biyu ba. Daga faifai zuwa SSD na SATA, tsallen ya wuce ninki ɗari. Daga nan zuwa NVMe mafi tsada, ɗan taki ne. Kusan duk ribar tana a matakin farko.

Wannan ba ya nufin a guji NVMe. Farashinsa ya yi daidai da na SATA, wani lokaci ma ya fi araha, don haka shi ne zaɓin hankali a sabuwar na'ura. Abin da ba dole ba shi ne bin sabon zubin PCIe, hanyar da NVMe ke bi. PCIe 3 kan kai kimanin MB 3,500 a sakan, PCIe 4 ya haura 7,000, PCIe 5 ya kusan 14,000. Mai kwafe manyan fayilolin bidiyo daga wannan NVMe zuwa wancan zai ga bambanci. Wanda kayansa ke shigowa daga katin kyamara ko filashi ko intanet ba zai gani ba, domin ƙofar da suke shigowa ta fi kowanne ƙunci. Na PCIe 5 kuma zafi gare shi, sai da ƙarfen sanyaya, kuma SSD in ya haura digiri 70 yakan rage gudu da kansa don ya tsira. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. A lura kuma cewa M.2 sunan siffa ne kawai. Ɗan allon nan mai faɗin milimita 22 da tsawon 80 yana iya zama NVMe, yana iya zama SATA, sai an karanta jikinsa.

Abin da ya fi zubi muhimmanci shi ne irin ƙwayoyin da ke ciki. Ƙwayar filasha tana riƙe bayani ne ta matakan caji. Mai bit ɗaya matakai biyu take bambancewa, TLC mai bit uku takwas, QLC mai bit huɗu goma sha shida. Yawan matakai na kawo araha, yana kuma kawo jinkirin rubutu da saurin gajiya. Don a ɓoye jinkirin, SSD kan ware wani sashe na sararin da ba a cike ba ya riƙa rubutu a cikinsa da bit ɗaya ɗaya, daga baya ya tattara a nitse. Muddin wannan sashe bai cika ba, gudu na nan kamar yadda kwali ya faɗa. In ya cika, wasu masu QLC kan faɗo ƙasa da MB 100 a sakan, abin da ko faifai mai juyawa ya fi shi. Sashen kuma yana raguwa ne gwargwadon cikar SSD ɗin. Ke nan girma ma wani nau'in gudu ne, kuma barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari fanko ba almubazzaranci ba ne.

Da wannan ma'auni, GB 256 ya yi kaɗan. Windows za ta nuna shi a 238, ba don an cuci kowa ba, sai don masana'anta na ƙirga da 1,000 ita kuma da 1,024, dalilin da ya sa TB 1 ke fitowa a 931. A cire babbar manhaja da sabuntawarta da Office da sararin da ya kamata a bari, abin da ya rage ba ya kai mutum ko'ina. GB 512 ne ƙasa, TB 1 mai TLC kuma shi ne wurin da kuɗi da amfani suka fi haɗuwa.

Tsoron cewa SSD na ƙarewa da rubutu ya fi ƙarfin gaskiyarsa. Garantin 990 Pro mai TB 1 ya kai rubutun TB 600 ko shekara biyar. Mai rubuta GB 30 kullum sai ya haura shekara hamsin kafin ya cinye wannan. Abin da ya fi kashe SSD shi ne lalacewar ɗan guntun da ke sarrafa shi, kuma wannan farat ɗaya yake zuwa, ba ƙara ba gargaɗi, ceto bayanan ma ya fi na faifai wuya nesa ba kusa ba.

Faifai mai juyawa bai mutu ba, wurinsa ne ya sauya. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a sakan tana cika GB 45 a awa guda, kuma mai irin wannan aiki ba zai iya tara aikin shekara guda a SSD ba tare da aljihunsa ya ji a jika ba. Faifai mai TB 4 ko 8 a matsayin ma'aji na biyu shi ne maganinsa. Sai dai ya tambayi ko tsarin rubutun faifan CMR ne ko SMR. A na biyun layukan rubutu na hawa kan juna, gyara ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa, sai gudu ya faɗi warwas a dogon aiki. A 2020 Western Digital ta sha suka bayan an gano ta sa SMR a wasu faifanta na Red ba tare da ta bayyana ba, har ta ware masu CMR da sunan Red Plus. Akwai kuma dalilin da ya sa SSD bai dace da ajiyar durowa ba. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta nemi SSD na gida da ya cinye rubutunsa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, kuma ƙarin zafi na gaggauta tsiyayar cajin. Sakkwato da Maiduguri da Damagaram sukan haura 40 a bazara.

Wuta, farashi, da gurbin gobe

Yawancin shawarwarin da ake karantawa kan wannan batu an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar laftof, in wuta ta tafi duk abin da ke cikin RAM ya bi ta. SSD ma ba ya tsira koyaushe, domin yana riƙe da taswirar inda kowane bayani yake, kuma yankewar wuta ana tsakiyar sabunta ta na iya birkita ta. A wani bincike da masana daga Jami'ar Jihar Ohio da ɗakin bincike na HP suka gabatar a 2013, an riƙa yanke wa SSD goma sha biyar wuta da gangan, goma sha uku suka nuna wata matsala, daga ɓatan bayani har zuwa mutuwa ɗungurungum. An inganta su tun daga lokacin, amma kafasitocin da ke ba SSD damar ƙarasa rubutu har yau a na manyan cibiyoyin bayanai aka fi samun su. In kuɗi ba su isa duka ba, GB 16 da UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, sun fi GB 32 ba UPS.

Haka batun kwafi. Binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 kan faifai sama da dubu ɗari ya nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alamar gargaɗi ba a ma'aunin lafiyarsu na SMART. Ma'aji na biyu da ke cikin akwati ɗaya da na farko ba kariya ba ne, tunda wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙone ɗaya tana iya haɗawa da ɗayan. Faifan waje da ake cirewa a ajiye daban ya kamata ya shiga lissafin kuɗin tun ranar saye.

Tsohuwar shawara ita ce a sayi kaɗan yanzu a ƙara daga baya, tunda farashi sauka yake yi. Ba kullum ba. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar RAM ta duniya. Faifai ma uku ke ƙera shi, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma ambaliyar Tailan ta 2011 ta ninka farashinsa cikin 'yan makonni. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa, har Micron ta sanar a Disamba cewa za ta daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayanta na Crucial. A Najeriya akwai ƙarin nauyi, domin dalar da ke kusan Naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ba wanda zai iya cewa ga farashin baɗi. Abin da mai saye ke da iko a kansa shi ne ko na'urar tana da wurin ƙari.

A nan siffar akwati take da nauyi. Doguwar kwamfutar tebur kan zo da guraben RAM biyu ko huɗu, gurbin M.2 ɗaya ko biyu, da wurin ɗaura faifai. Ƙananan nan masu kamar littafi da waɗanda aka haɗe da allon kallo sukan yi amfani da gajerun sanduna irin na laftof, wasunsu ma an liƙe RAM ɗin a madabod. Mac mini da iMac masu furosesan Apple haka suke, abin da aka saya da shi da shi za a rabu, kuma lokacin da Mac mini mai M4 ta fito a 2024 Apple dala 200 ta sa wa ƙarin GB 8. Mai sayen irin waɗannan dole ya saya da lissafin shekara biyar masu zuwa. Mai doguwar akwati yana iya saye da lissafin bana.

Saura tabbatar da cewa abin da aka faɗa shi ne a ciki. A sa mai shago ya kwance gefen akwatin. A jikin sandar RAM akwai 'yar takarda: PC4 na nufin DDR4, PC5 na nufin DDR5, PC3 kuwa DDR3 ne, kuma na'ura mai shi ba sabuwa ba ce komai ƙyallin akwatinta, galibi ma furosesanta ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. A ƙirga guraben da ido. A kunna ta a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar kyauta ce, za ta nuna sunan ma'ajin da irinsa da yawan awannin da ya yi a kunne. Sabo ba ya wuce 'yan awanni, in aka ga dubbai to an taɓa mora. A sa a rubuta sunan SSD ɗin da yawan sandunan RAM a rasit, ba "16GB, 512GB" kawai ba. Mai shagon da ya ƙi buɗe akwati kafin a biya shi, a wuce shago na gaba.